Billen da Na Goge

Shekarar da kuɗin fetur suka fara yi wa mutane yawa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas, kusan kowa a Katsina ya zauce da saye-saye. Wani ya sayi babur, wani rediyo mai cin kaset. Hedimastanmu firji ya ɗauko, alhali ko turken lantarki ba a kafa a unguwarsu ba, ya girke shi a zaure yana ajiye takardun jarrabawa a ciki saboda ɓera. Ni da na tashi nawa haukan, mota na hau na tafi Kano na sayo burushi. E, burushin fenti. Guda shida ne jere a cikin ɗan akwatin kwali, daga mai kaurin ɗan yatsa har zuwa wani siriri da bakinsa bai fi na allura ba.

Kada a yi mini dariya tukuna. A lokacin ina koyar da zane da aikin hannu a wata firamare ta wajen Ƙofar Sauri, kuma tun da na fara aiki ban taɓa riƙe burushin kirki ba. Gashin wutsiyar akuya nake ɗaurewa a tsinke da zare, in ba haka ba in tauna bakin asuwaki har ya yi laushi. Da waɗannan na zana taswira da sauro da zuciyar ɗan Adam a bangon aji, sufeto ya zo ya yaba, kaina ya kumbura. To mutumin da aka yaba wa da gashin akuya, ina ga ya sami na kanti? Tun daga tasha har gida akwatin nan yana cikin aljihun gaba, hannuna dafe da shi.

Matsalar ita ce ban sami abin da ya isa in gwada siririn nan a kai ba. Na rubuta sunana a bayan kekena. Na yi wa ƙanwata fure a murfin kwano, ta ce na ɓata mata kaya. Har a farcena na zana jinjirin wata. Duk a banza, hannuna bai daina ƙaiƙayi ba. Ina son abu ƙarami mai lungu da saƙo, wanda in na gama za a ɗauka a juya a ce, kai, wa ya yi wannan?

A sashen baya na gidanmu Gwaggo take, yayar mahaifina, tun rasuwar mijinta. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ne sana'arta, ko'ina a jikinta ƙamshin gyaɗa yake yi, kuma a shekarun nan yanar ido ta fara rufe mata gani, sai dai ta ga inuwar mutum ta gane shi da murya. Rabin rainona ita ta yi. In na yi laifi ɗakinta nake gudu, ta zaunar da ni bayan tukunya ta fito ta ce ba ta gan ni ba.

Ɗanta na fari, wanda muke ce wa Yaya, ya shiga soja lokacin yaƙin basasa bai dawo ba. Ba da shawarar kowa ya tafi ba, motar masu ɗaukar soja ya bi da rigar da ke jikinsa. Ba a kawo gawa ba, ba mu san inda aka binne shi ba, kuma bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba a rayuwarsa. Bayan an gama yaƙi da kamar shekara, ina can kwalejin horon malamai, wani soja mai ɗingishi, ba Bahaushe ba, ya yi ta tambaya har ya gano gidanmu. Ya kawo akwatin ƙarfe. A ciki akwai bargo, da kofin silba, da wani ɗan soja na baƙin ice wanda tsawonsa bai kai tafin hannu ba.

Bari in faɗi abin da ban sani ba a lokacin, don a gane girman ɓarnar da na yi. Ɗan sojan nan Yaya ne. Mutumin nan abokinsa ne, shi ya sassaƙa shi da wuƙar aljihu a ranakun da ba a harbi, Yaya na zaune a gabansa yana yi masa tsiya wai ya ƙara masa tsawo. Duk duniya babu wani abu mai kama da fuskar Yaya sai wannan guntun icen. Mahaifina ya san haka, amma shi mutum ne da ba ya son mutum-mutumi a gidansa, sai ya yi kamar bai san da zamansa ba, ba a kuma sake tayar da zancen ba.

Ita kuwa Gwaggo, kun dai san iyayenmu da ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, in yana wuri ma kawar da kai take yi. "Wancan yaron," iyakarta ke nan. An ce ranar da labarin mutuwarsa ya zo tana gaban kasko, ta yi salati, ta tambayi wa zai ƙaro mata ice. Mata suka yi ta yaba mata, wai ta cika mai kunya, ta cika 'yar mutunci.

Ranar wata Asabar da hantsi ta kira ni in sauko mata da wata babbar kwalla daga jerenta. Ina ɗaga murfin wata fanteka da ke kusa da gadonta, wadda ko daga kwance hannu zai kai, na ga abu naɗe a tsohon ɗankwali. Na warware. Sai ga ɗan sojan nan na ice. Ga hular kwano, ga bel, ga aljihuna, ga bindiga rataye a kafaɗa, har igiyar takalmi an fitar. Babu ko ɗigon fenti a jikinsa. Kamar don burushina aka ajiye shi.

Na fito tsakar gida. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana matsar tunkuza.

"Gwaggo, wannan fa?"

"Mi ne ne?"

"Wani ɗan soja na ice na gani a fantekarki."

Hannunta ya tsaya. Sannan ya ci gaba.

"Tarkace ne," in ji ta. "Cikin kayan wancan yaron aka kawo shi."

"To in ɗauka in yi masa fenti? Na sayo sababbin burushi, sai kin ga yadda zai koma."

Ta yi ta matsa, har mai ya taru a gefen kwano ta tsiyaye shi. Can ta ce, "Yadda ka gani."

A nan ne ba ni da wurin ɓuya. Shekaru da yawa ina ce wa kaina ai na tambaya, ai ita ta ce tarkace ne. Ƙarya nake yi. A gidan nan aka haife ni. Na san abin da ake nufi in tsohuwa ta ce maka yadda ka gani. Na san ba a naɗe tarkace a ɗankwali a ajiye inda hannu zai kai. Na san ko wuƙa za a sa mata a wuya ba za ta buɗe baki ta ce wa ɗan ƙaninta, bar mini, na ɗana ne, ina son abina ba. Kunyar da aka yi ta yaba mata ita ta ɗaure mata baki, ni kuma na ga ƙofa a buɗe na shige. Hannuna ke ƙaiƙayi, shi ke nan dalilina.

Na fito da benci ƙarƙashin bishiyar bedin ƙofar gida, na jera ƙananan gwangwanayen fenti, na zuba kananzir a gwangwanin madara don wanke burushi. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne ban taɓa jin daɗin aiki irin na ranar nan ba. Na haɗa kore da rawaya da ɗigon baƙi har na sami kalar kaki sak. Na fara da mai matsakaicin kauri, fenti ya bi icen sumul, babu gashi ko ɗaya da ya zube ya maƙale kamar yadda na akuya ke yi mini. Hular kwano na yi mata kore mai duhu, na ɗan haska gefe ɗaya kamar rana ta doke ta. Takalmi baƙi wuluk. Da na zo kan maɓallai na ɗauko siririn nan, na riƙe numfashi, na ɗiga su ɗaya bayan ɗaya. Kai! Ko ƙaho aka busa mini a kunne a lokacin ba zan ji ba.

Telan da ke shago kusa da mu ya leƙo, tef rataye a wuya.

"A'a, Malam, yau kuma 'yar tsana ake wa kwalliya? Ashe ariyas ɗin ga inda ya tafi."

"Kai dai je ka gyara wandon da ka yanka wa mutane ƙafa ɗaya ta fi ɗaya," na ce masa.

Ya matso ya duba da kyau, ya ce, "Amma fa ka iya." Wannan kalma ta ƙarasa ni. Nan take na ga hannun rigar sojan ya yi fili da yawa, na tsoma siririn a farin fenti na zana masa igiya uku. Haka kawai na ba shi saje, ba wanda ya sa ni.

Fuska na bari sai washegari, don jikin ya bushe. Da safe na haɗa ruwan ƙasa mai duhu na fara shafawa. Goshi ya karɓa, haɓa ta karɓa, kunci ɗaya ya karɓa. Ɗaya kuncin ya ƙi. In na shafa sai fentin ya tattare ya zama ɗigo-ɗigo. Na goge na sake, haka. Na ɗaga shi a rana na duba. Wurin ya fi ko'ina duhu da sheƙi, yana da maiƙo, har ya ɗan lotsa. A tsakiyarsa kuma ga wani ɗan tsagi da ya taso daga gindin hanci ya karkata ƙasa.

Raina ya ɓaci. Ni dama ba ni da haƙuri da abin da ya ƙi bin hannuna. Na ce tir, wannan masassaƙi ya yi aiki mai kyau ya zo ƙarshe wuƙa ta kuɓuce masa ya ɓata fuska. Maiƙon kuwa na ce ai ɗakin Gwaggo ne, ko allura ka ajiye sai ta sha mai. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa duk jikin icen wuri ɗaya tak ya sha man ba. Na jiƙa tsumma da kananzir na dirje wurin. Na yago samfefa na goge har farin icen ya fito. Na kwaɓa garin katako da gam na cike tsagin, ya bushe, na sake gogewa. Sai na ga kuncin ya fi ɗayan faɗawa, na bi ɗayan ma na goge don su daidaita. Fenti ya kama lafiya lau. Na ɗiga masa idanu, na ja masa gira, na ƙara masa ɗan gashin baki irin na sojojin da ake gani a kalanda. Da na gama na ajiye shi a kan benci na ja da baya ina kallo, ina jin duk Katsina babu kamata.

Ranar Litinin bayan la'asar na kai mata. Tana tsakar gida tana mulmula ƙuli.

"Gwaggo, ga sojanki ya dawo daga Kano," na ce, ina wasa.

Ta goge hannu a zaninta, ta goge, ta sake gogewa, sannan ta miƙo duka biyu. Na zaci za ta kai shi kusa da ido ta ga kalar. Ba ta ko ɗaga shi ba. Babban yatsanta ne ya tafi kai tsaye kan fuskar, kamar mai neman bakin ƙofar ɗakinsa. Ya shafa. Ya koma ya sake shafawa. Ta juya sojan a hannunta, ko ta riƙe shi a baibai ne, ta shafa ɗaya kuncin. Ta dawo na farko. Ina tsaye ina jira a yabe ni.

"Ka kyauta," ta ce. "Allah shi yi albarka."

Ta ajiye shi a ƙasa kusa da turmi, ba ta nemi ɗankwalin ba, ta ci gaba da mulmula ƙulinta.

Kun san abin da na ji? Haushi. Wallahi haushi na ji. Kwana biyu ina duƙe har wuyana ya ƙage, a ce mini ka kyauta a ajiye a ƙasa inda kaji ke kiwo? Na ɗauke shi na ɗora a kan katangar rijiya, na fita ina ƙunƙuni cewa tsofaffi ba su san darajar aikin hannu ba.

Kwana uku yana nan a kan katangar, ba ta taɓa shi ba. A kwanakin nan sau biyu ƙulinta yana ƙonewa, abin da ban taɓa gani ba, har masu saye suka dawo da shi. Ta ce wai icen girkin ne ba shi da kyau.

Ranar Alhamis da yamma na tarar da mahaifina a zaure shi kaɗai yana yanke farce. Na ɗauko sojan na nuna masa, ina neman wanda zai ba ni gaskiya. Na san ba ya son irin waɗannan abubuwa, amma na ce ko don aikin ya ce wani abu. Ya karɓa da yatsa biyu, ya juya, ya matso da shi kusa da fuskarsa.

"Ina billen?"

"Wane bille, Baba?"

Ya dube ni. Ban taɓa ganin ya dube ni haka ba, ko lokacin da na faɗi jarrabawa.

"Kai wane irin sakarai ne? Ba ka san yayanka yana da bille ba? Kai ne mai ilimin zane, ka ga bille a fuskar mutum ka ce mene ne?"

Na ce na zaci wuƙa ce ta kuɓuce.

"Wuƙa ta kuɓuce," ya maimaita a hankali. Sannan ya gaya mini komai, da sojan mai ɗingishi, da yadda ya tsuguna a nan zauren yana ba da labari da guntuwar Hausarsa, Gwaggo na bayan ƙofa tana ji. Ya ce mutumin ya nuna tsagin nan da farce ya ce shi ya yi na ƙarshe, don Yaya ya ce in babu shi uwarsa ba za ta gane shi ba. Ya ce, "Kana tsammanin ban san yana ɗakinta ba? Ni da ba na barin hoto a bango, shekara nawa na yi ina kawar da kai? Sai kai, da burushinka."

Ya miƙo mini, ya ci gaba da yanke farcensa. Sai a lokacin lissafin maiƙon nan ya zo mini. Yatsanta ne. Kullum in ta gama aiki ta shiga ɗaki ta saki labule, abin da ba ta iya yi wa ɗanta yana raye a gaban mutane shi take yi wa guntun icen, har ice ya lotsa. Ni kuma na zo da kananzir da samfefa na kankare shi cikin abin da bai fi dahuwar shayi ba, ina zagin masassaƙi.

Na yi kuka a zauren nan, ƙato da ni, malamin makaranta. Mahaifina bai ce in yi shiru ba.

Washegari Juma'a na tashi da dabara, don ni kullum ina da dabara. Na sayi sabuwar reza a teburin bakin titi. Na ce ai abu mai sauƙi ne, in kankare fentin, in tono gam ɗin, in sake tsaga wurin, in shafa ɗan mai. Na zauna da sojan a hannu na ɗaga reza, sai na tsaya. Kuncin biyu duk na goge su, duk sun yi sumul iri ɗaya. Ina tuna yana wajen dama, amma damata ko damarsa? Lokacin da nake aikin na yi ta juya shi, wani sa'in ma kansa a ƙasa. Na rufe ido na nemo fuskar Yaya da kansa. Na tuna yana goya ni a keke zuwa Batagarawa cin kasuwa. Na tuna wushiryarsa, da yadda yake dariya har ya riƙe ciki, da ranar da ya mari wani don ya ƙwace mini tallen goro. Billen kuwa sai ya yi ta yawo, in na sa shi a nan ya zauna daidai, in na mayar da shi can ma ya zauna daidai.

Dole na tafi wurinta. Na same ta tana tsince gyaɗa a faifai. Na tsuguna na gaishe ta, ta amsa kamar kullum, har da tambayar makaranta da yara.

"Gwaggo, na yi laifi. Baba ya gaya mini. Wallahi ban..." Na kasa ƙarasawa, don na san rantsuwar ba za ta tsaya da ƙafarta ba. "Ki yafe mini. Ga reza na zo da ita, zan mayar masa da shi yadda yake."

"Laifin mi?" in ji ta. "Ice ne."

"Gwaggo, don Allah."

Ta ci gaba da tsintar gyaɗa. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "To, a wane kunci yake?"

Na dubi sojan. Gashin bakin da na yi masa yana ta sheƙi.

"Na dama," na ce.

Ta ajiye faifan a hankali.

"Matso."

Na matsa har gwiwata ta taɓa tata. Ta lalubo fuskata da hannu biyu, ta riƙe haɓata kamar lokacin da take wanke mini ido ina yaro. Ta ɗora babban yatsanta a gindin hancina, ta ja shi ƙasa a kan kuncina na hagu, a hankali, ta tsaya daidai inda ya kamata ya tsaya. Ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Nan," ta ce.

"To bari in tsaga masa yanzu, Gwaggo. Yanzun nan, a gabanki."

Ta sake ni, ta jawo faifanta.

"Bar shi haka nan, ya yi kyau. Wanga sojan gwamnati ne, ban san shi ba. Tahi da shi makaranta, yara su gani."

Na ɗauke shi na miƙe. Har na kai ƙofar sashenta ina jiran ta kira ni, ban ji komai ba sai ƙarar gyaɗa a faifai.